Hatsarin da Ƙauyenmu Ya Ce Ba a Yi Ba

Motar gidanmu ba tawa ba ce, ta mai ɗakina ce. Ni noma na sani, gero da dawa da wake a gonar gado, sai 'yan tumaki a bayan gida. Ita kuwa ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti gaba da Tsanyawa, tana awon masu ciki, tana karɓar haihuwa. A ƙauyenmu kowa Likita yake ce mata. Ta gaji da gaya musu ita ba likita ba ce, ta ƙyale su.

Da rancen ƙungiyar ma'aikatansu ta sayi motar, tsohuwa ce amma injinta lafiya lau. Ƙungiyar ta sa sharaɗin sai an yi mata babbar inshora. Ni a da abin da na sani game da inshora shi ne takardar da direbobin bas ke miƙa wa jami'ai a bakin hanya. Ita ta fahimtar da ni cewa waccan ƙarama ce, babbar kuwa idan mota ta yi hatsari kamfanin ne zai gyara ta. Na ce to, Allah ya sa kada mu ga ranar. Ban taɓa riƙe sitiyari ba. Aikina a motar shi ne in kori kaji daga ƙarƙashinta da safe kafin a tayar.

Abin ya faru da kaka, an girbe gero, dawa kuwa tana tsaye ta fi mutum tsawo. Hanyar da ke fita daga ƙauyenmu zuwa titi burtali ce tsakanin gonaki. Akwai wata kwana a gindin tsamiya wadda in dawa ta tashi ba ka ganin mai zuwa sai kun yi kiciɓis. Ina gonata ina roron wake na ji ƙara kamar an zubar da tulin kwanuka. Da na isa, na tarar da motar mai ɗakina ta cusa hanci a bayan wani amalanken shanu. Ruwa na tsiyaya daga lagireto, fitila ɗaya ta fashe, murfin inji ya lanƙwashe. Ƙafar amalanken ɗaya ta fice ta kwanta cikin gona, dammunan gero sun watse a hanya. Bijiman biyu ko a jikinsu, sun sa baki a dawar mutane suna ci.

Mai amalanken wani dattijo ne maƙwabcinmu na ƙetaren rafi, Baba muke ce masa. Iyayensa addinin gargajiya suka yi, shi da iyalinsa coci suke zuwa. Jikokinsa kusan duka a hannun mai ɗakina aka haife su. Na same shi yana laluben malafarsa cikin kara, mai ɗakina kuma tana tsaye jikin mota.

"Baba, ka ji ciwo?" in ji ta.

"Ni? Ke zan tambaya, 'yata. Ni na saba faɗowa daga amalanke tun ba a haife ki ba. Yau dai an taimaka mini ne."

Ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Bijiman nan da aka buge su ne suka ja motar har bakin titi, daga nan aka kai ta garejin wani bakanike a Tsanyawa.

A wurinmu in abu ya shiga tsakanin maƙwabta, ba a barinsa ya kwana. Ana zuwa zauren mai unguwa, mai laifi ya amsa, wanda aka yi wa ya yafe, a yi addu'a, a raba goro. Daga nan maganar ta mutu. Duk wanda ya sake ambatonta shi ne ya zama mai laifi, ko da wasa ya yi. Yara ma in suka ɗauko zancen, kwaɓarsu ake yi. Haka muka yi bayan la'asar. Mai ɗakina ta ce ita ce ta yi kuskure, za ta biya gyaran amalanke. Baba ya ce ƙafar amalanke ba ta isa ta shiga tsakaninsa da hannun da ya karɓi jikokinsa ba, ya yafe duniya da lahira. Washegari ya kai ƙafar wajen mai walda, ya sayi fenti kore ya shafe amalanken kaf, don kada ta gan shi a hanya ta ji nauyi.

Ita kuwa tun a ranar ta buga wa kamfanin inshorar waya ta gaya musu abin da ya faru. Suka ce tun da ba a kira 'yan sanda ba, za su aiko mutum ya duba motar, ya kuma ji ta bakin wanda aka buge. Kafin nan kada a taɓa motar. Gyaran ya fi ƙarfinmu, ga rancen ma ba a gama biya ba. In kamfanin bai gyara ba, motar za ta ruɓe a gareji. Ta koma tafiya a ƙasa har titi da akwatin allurai a ka, ta jira bas, a cusa ta tsakanin buhuna, ta isa asibiti ta tarar da mata sun cika benci suna jiranta.

Mutumin kamfanin ya zo ranar kasuwar Tsanyawa, ni ina can na kai rago, ita tana wurin aiki. Yayana ne ya ba ni labari da na dawo. Yana da teburin kayan masarufi a ƙofar masallaci, duk baƙon da ya shigo ƙauyen ta gabansa yake bi. Na same shi fuska a sake, kamar wanda ya gama wani babban aiki.

"Yau na rufa muku asiri," in ji shi. "Wani saurayi ya zo daga birni da takalmi mai ƙyalli, yana tambayar inda aka yi hatsari. Muka ce wane hatsari? Ƙauyen nan lafiya lau muke. Ya je wajen mai unguwa, aka ce masa an wuce wannan wurin. Ya ƙetara wajen Baba, Baba ya ce tsakaninsa da Likita sai alheri, ya nuna masa amalanke yana sheƙi, ya ba shi gyaɗa."

"Sai ya tafi?"

"Ina fa. Ya dawo ya tsaya mini a ka, wai ya ga mota a lotse da idonsa. Da na ga ya matsa, na ce masa in ma ta lotse, ƙanena ne ya tuƙa. Mace mai mutunci irin Likita a rubuta sunanta a kai birni a ce ta buge dattijo? Kai namiji ne, ka ɗauka."

Na yi masa godiya. Har cikin raina na ga ya yi abin da ya dace da babban wa. Na shiga gida na sami mai ɗakina tana tuƙin tuwo, na ba ta labarin ina murmushi. Ta tsayar da muciya.

"Malam, kana da lasisin tuƙi?"

"Kin san ba ni da shi."

"Sunanka yana cikin waɗanda aka yarda su tuƙa motar?"

"Ni da ban iya ba?"

"To yanzu abin da kamfani ya sani biyu ne. Ko dai ba a yi hatsarin a inda na ce ba, ko kuma marar lasisi ne ya yi shi. Kowanne suka ɗauka, ni maƙaryaciya ce, motar kuma ta tafi."

Ta ci gaba da tuƙin. Can sai na ga kafaɗunta na motsi, na ɗauka kuka take. Dariya ce. "Har gyaɗa ya ba shi," in ji ta.

Da safe ta buga musu waya. Na ji tana ta bayani, tana cewa mutanen ƙauye ne, kara suka yi mata. Aka ja ta, aka haɗa ta da wannan, aka haɗa ta da wancan. Daga ƙarshe suka ce mutumin nasu yana da wata tafiya wajen Shanono, zai sake biyowa ta wurinmu. In ya ji abin da ya ji a da, sun rufe maganar.

Yayana bai ba ni wuya ba. Ya yi ta faɗan cewa mutanen birni ba su san mutunci ba, amma ya yarda zai janye maganarsa. Baba ne aikin.

Ban tunkare shi da zancen kai tsaye ba, don dattijo irinsa in ka zo masa da gaggawa ka rufe ƙofa ke nan. Lokacin yana cirar gyaɗa, sai na riƙa ɗaukar fartanyata ina ƙetara rafi da safe ina taya shi. Da farko gaisuwa kawai muka yi da hirar damina. Da na fara kewaya kusa da maganar, sai ya tambaye ni yadda farashin wake yake a kasuwar Dawanau bana. Na ba shi amsa, muka ci gaba da aiki. A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, har na riƙa makara, malaminmu yana tambayata ko na gaji da karatun ne. Na ce masa wani karatun nake yi a ƙetaren rafi.

Wata rana muna hutawa a inuwar ɗorawa, na fito masa fili. Na ce shirun da ya yi don ya kare ta, shi ne zai raba ta da motarta. Ya ɓare gyaɗa ya jefa a baki.

"Ɗana, na ji ka. Amma abin da na yafe a zauren mai unguwa, na sake yafe shi ranar Lahadi a gaban Allah. Yanzu in tono shi saboda baƙo mai takalmi? Ubana bai san coci ba, bai san masallaci ba, amma in ya zuba giya a ƙasa ya ce magana ta wuce, ko matarsa ba ta sake jin ta a bakinsa ba. Ni ne zan fara?"

"Ba ƙara za ka kai ta ba, Baba. Shaida za ka ba ta."

"Shaidar cewa ta buge ni. Da bakina."

Na bar shi a nan. Washegari na dawo da fartanyata kamar ba a yi ba.

Ba maganata ce ta juya shi ba. Wata safiya an kwana ana ruwan ƙarshen damina, burtali ya cika da taɓo. Baba ya fito da amalanke zai kai gyaɗa bakin titi, ya cim ma mai ɗakina a hanya, takalma a hannu, akwati a ka, taɓo har idon sawu. Ya tsayar da bijimai ya ce ta hau. Ta hau ta zauna a kan buhun gyaɗa, a amalanken da ta buge, har titi. Ta ce mini duk tsawon hanyar kallon ƙafafunta kawai yake yi. Da na je gonarsa ranar, tun ban ajiye fartanya ba ya ce, "In yaron nan ya zo, ku kira ni. Amma laifina zan faɗa. Nata ba zai fito daga bakina ba."

Ranar da mutumin kamfanin ya dawo, mai ɗakina ta ɗauki hutu. Muka haɗu a kwanar tsamiya, da ni da ita da yayana da Baba, Baba ya zo da amalanken da bijimansa kamar yadda aka roƙe shi. Saurayin yana da ladabi, ya durƙusa ya gaida Baba, yana magana yana haɗa Hausa da Turanci. Da ganinsa ya gaji da mu tun kafin a fara. Ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne aka ce ka tuƙa?"

"Ni ne aka ce."

Ya miƙo mini makullin tasa motar. "Bismillah, juya mana ita."

Na shiga na zauna. Na sami ramin makullin da ƙyar. Na taɓa wani abu, sai sandunan goge gilashi suka hau kai da kawowa. Na taɓa wani don in tsayar da su, ruwa ya feso. Na fito na mayar masa da makullinsa.

"Wannan kowa zai iya yin kamar bai iya ba," in ji shi, yana danne dariya.

Yayana ya gyara tsayuwa. "Ɗan samari, ni na faɗa maka waccan maganar, ni kuma nake janye ta. Mutumin nan keke ma sai da ya yi gemu ya koya, kuma har yau in ya ga kwana sauka yake ya tura. Ka tambayi duk wanda ka ga dama."

"Me ya sa ka ce shi ne, Alhaji?"

"Kai kana da matar ƙane?"

"Ba ni da ita."

"To shi ya sa."

Saurayin ya rubuta, ya matsa wajen Baba. Baba bai jira tambaya ba. Ya ce shi ne ya tsayar da amalanke a tsakiyar kwana don damin gero ɗaya ya faɗo, ya sauka zai ɗauka. Ya ce mutumin da ya shekara yana bin hanyar nan ya san ba a tsayawa a gindin tsamiya in dawa ta tashi. Laifinsa ne daga farko har ƙarshe.

"Baba, ka yi hankali," in ji saurayin. "In laifinka ne gaba ɗaya, kamfani na iya biyo ka kuɗin gyara."

"Su zo. Ga bijimi nan, su zaɓa. Na hagun ya fi ci, shi zan fi so su ɗauka."

Mai ɗakina ta shiga tsakani. Ta ce ba haka aka yi ba. An kira ta ne wata mata tana naƙuda, ta fito da sauri, ta shiga kwanar ba ta yi hon ba, ba ta rage gudu yadda ya kamata ba. Baba ya ce wane gudu, ai jaki ma ya fi ta sauri a ranar. Ta ce jaki ba ya cire ƙafar amalanke. Ya ce ƙafar da ma ta daɗe tana girgiɗi, yana ta shirin kai ta walda, ta hutar da shi ne. Suka yi ta ja, kowa na ƙoƙarin ƙwace laifin daga hannun ɗan'uwansa. Saurayin ya sauke biro yana kallonsu.

"Ni dai inda nake zuwa, kowa cewa yake ɗayan ne," in ji shi. "Baba, Hajiya, ni ba alƙali ba ne. Abin da za ku ce duk zan rubuta, naki da naka. Amma akwai abin da sai na ji daga bakin Baba. An yi karo a nan ko ba a yi ba?"

Baba ya cire malafa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya dubi mai ɗakina. Ta ce, "Faɗa masa, Baba. Ni na roƙe ka."

"An yi," in ji shi.

"Wa ke tuƙi?"

Baba ya juya yana gyara igiyar bijimin da ba abin da ya same ta. "Mai motar."

"Hajiya ke nan?"

"Ai mota ɗaya ce a ƙauyen, ɗana. Kada ka wahalar da tsoho."

Saurayin ya ce ya isa. Ya durƙusa ya duba ƙarƙashin amalanken, ya ga sabuwar walda da fenti bai rufe ba, ya ɗauki hoto da waya. Muka tona ƙasa a gefen hanya muka sami ɓarɓashin gilashin fitila, shi ma ya ɗauka. Ya karanta mana abin da ya rubuta, Baba ya dangwala yatsa. Ni aka ce in sa hannu a matsayin wanda ya fara isowa wurin. Na rubuta sunana a hankali a kan murfin motarsa, yana jirana. Da zai tafi Baba ya sake cika masa leda da gyaɗa.

Ba a daɗe sosai ba suka bugo waya suka ce a fara gyara. Akwai wani kaso da mai mota ke biya da kansa, da ma ta sani, muka biya. Da shekara ta zagayo za a sabunta inshorar, suka tambaye ta ko motar ta yi hatsari a shekarar. Ta ce ta yi, ita ke tuƙi, ta gaya musu har kwanar da abin ya faru, ko da yake duk suna da shi a rubuce. Kuɗin ya ɗan ƙaru. Yayana har yau yana cewa da ta yi shiru, wataƙila sun manta. Ita kuma tana ce masa shirunsa na farko ma bai gama fita daga jikinta ba.

Abin da ya dame mu bayan tafiyar saurayin shi ne Baba. Ya daina bi ta ƙofar gidanmu. In ya hango mai ɗakina a hanya sai ya ratse cikin gona kamar yana duba wani abu. Na je na same shi, ya ce ba komai, aiki ne ya yi yawa. Matarsa ce ta raɗa mini cewa kunya yake ji, wai ya tona wa Likita asiri a gaban baƙo.

Ranar da aka gama gyaran, muka je Tsanyawa tare muka ɗauko motar, sabuwar fitila, murfin inji ya miƙe. Mako na zagayowa, ranar kasuwa, mai ɗakina ta ce in shirya. Ba ta nufi titi ba, ta bi ta mashigin rafi ta tsaya a ƙofar gidan Baba, ta ƙi kashe inji. Ya leƙo, ya so ya koma.

"Baba, kasuwa za mu," in ji ta. "Mai yana ƙonewa."

"Ni da amalanke zan je, 'yata."

"Ni na hau naka ban yi gardama ba."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Matarsa ta fito da kwandon zabi ta wuce shi, ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta miƙo mini kwandon. Da ya ga haka ya kakkaɓe rigarsa ya zagaya ya shiga gaba. Ashe bai taɓa zama a gaban ƙaramar mota ba. Mai ɗakina ta ɗaura masa bel, ya riƙe shi da hannu biyu. Muna hawa titi ya rufe ido, ya fara addu'a a hankali. Can ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Likita, kasuwar nan sai yamma take tashi." Ta rage gudu har masu keke suna wuce mu suna gaisuwa. Ni ina baya da zabi a cinya, haka muka shiga Tsanyawa.